Gaskiya da Ƙage Game da Na'urorin Awon Lafiya na Gida

Tun da na'urorin awon hawan jini da na sukari suka fara shiga gidajenmu, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Babura da ke bakin iyakar Nijar, zantuka suka yawaita a kansu, har ya zama wajibi a rarrabe sahihi da ƙage.

Mafi hatsarin abin da ake faɗa shi ne, wai wanda ya auna ya ga jininsa ya sauka ƙasa da 140/90 ya warke, sai ya jingine magani. Wannan ɓata ce mai halakarwa, domin maganin ne ya saukar da shi, kuma da zarar an bari zai koma ya hau a asirce, sau da yawa ba ciwon kai ba jiri, har sai shanyewar ɓarin jiki ta tona shi. Na'ura shaida ce kawai, hukunci na likita ne.

Haka kuma masu cewa huda yatsa don awon sukari yana karya azumi ba su da hujja, domin malamai sun yi fatawa cewa ɗigon jinin nan ba ya ɓata shi; hasali ma likitoci sun umarci mai ciwon sukari ya sha ruwa nan take idan awonsa ya faɗi ƙasa da 70.

Amma masu cewa na'ura tana kuskure, lalle sun faɗi gaskiya. 'Yan takardun da ake ɗiga wa jini galibinsu ba sa jure zafin da ya haura digiri 30, alhali bazararmu takan wuce 40. Ita kuwa wadda ake maƙala wa yatsa don awon iskar jini, binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata fiye da ga farar fata, abin da ya shafe mu kai tsaye.

Agogon da ake tallata cewa yana auna sukari ba tare da huda ba, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2024 cewa kada a dogara da shi. Mai yawo da kwamfuta kuwa, yana ba ka ƙarfe ka riƙe ya lissafa maka cututtukanka, yaudara ce tsagwaronta.

Don Allah, duk mai na'ura ya riƙa rubuta awonsa, ya tafi da ita asibiti a gwada ta da tasu.