Kogi a Cikin Kwamfuta: Yadda Manhajar Kwaikwayon Ruwa Ta Sauya Aikin Gyaran Koguna

A ƙarshen watan Janairun 1995 aka kwashe mutane kimanin dubu 250 daga gidajensu a ƙasar Holan, don tsoron kada jingar kogin Waal da na maƙwabtansa ta ɓalle. Allah ya kiyaye, jingar ta riƙe. Amma hankalin hukuma bai kwanta ba. Shekaru aru-aru magani ɗaya suka sani: ruwa ya ƙaru, a ƙara wa jinga tsayi. Wannan karon sai suka sauya shawara, suka ce a ba kogi fili ya wuce. Shirin ya ci Yuro biliyan 2.3, an yi aiki a wurare sama da 30, burin kuwa shi ne kogin Rhine da rassansa su iya ɗaukar ruwa kubik mita 16,000 a kowace daƙiƙa, maimakon 15,000.

A birnin Nijmegen kogin Waal yana yin kwana mai tsini, yana kuma tsukewa kamar wuyan gora. Nan aka ja jinga baya da mita 350 a ƙauyen Lent, aka haƙa wa ruwa hanya ta biyu, tsibiri ya fito a tsakani. An tashi gidaje kusan hamsin. Ribar da aka samu ita ce, a lokacin babbar cika ruwa zai sauka da santimita 35. Wa zai yarda ya bar gidan gado saboda tsawon da bai kai kamu ɗaya ba? Kuma ta yaya aka san adadin tun kafin a sa katafila? Amsar duka biyun tana cikin manhajar kwaikwayon gudun ruwa, wadda a yau ba a cika taɓa babban kogi ba sai an bi ta kanta.

Kafin zuwanta, da siminti ake gina wa kogi ƙaramin kwafi. A 1943 injiniyoyin sojan Amurka suka fara gina kwafin kwarin kogin Misisipi a kusa da garin Clinton, fursunonin yaƙi na Jamus suka yi aikin share fili, ba a kammala ba sai 1966. Faɗinsa eka 200. Ragar waya aka nannaɗe ta tsaya a madadin itatuwan gaɓa, a sako ruwa daga famfo, abin da kogi zai yi a yini guda a gan shi cikin kimanin minti biyar. Aiki ne mai kyau, sai dai ƙasa nawa ce za ta iya ɗaukar nauyinsa?

Babban dalilin yaɗuwar manhaja ke nan: arha. Lissafin kansa tsoho ne, tun 1871 Bafaranshe Saint-Venant ya tsara shi, hannu ne kawai ba ya iya warware shi a kan kogi mai tsawon kilomita ɗari. A 1995 cibiyar injiniyoyin sojan Amurka da ke Davis a Kalifoniya ta fitar da HEC-RAS, kuma kyauta take bayarwa. A 2016 aka ƙara mata ikon nuna yadda ruwa ke malala gefe-gefe a fadama, ba gangarawa gaba kaɗai ba. Cibiyar Deltares ta Holan ma tana da nata, SOBEK da Delft3D. Ga taswirar tudu da kwari da ake ɗauka daga jirgin sama da tauraron ɗan'adam ta samu. Yau ɗalibin injiniya a Zariya yana iya sauke kayan aikin da ƙwararru ke amfani da shi a Misisipi.

Amfanin manhajar na farko shi ne ta hana a tura wa maƙwabci bala'i cikin rashin sani. Idan aka miƙar da kwanar kogi ko aka matse shi da jinga, ruwan ba ya ɓacewa, gudu yake ƙarawa ya faɗa wa na ƙasa. A Fulorida an mayar da kogin Kissimmee miƙaƙƙen lambatu tsakanin 1962 da 1971, fadamarsa ta bushe, tsuntsayen ruwa suka ƙaura, daga baya aka shafe shekaru ana kashe kuɗi don mayar masa da kwane-kwanensa. Manhaja tana ba da damar a yi kuskure sau ɗari a allo. Mutanen Holan sun ƙara da wani abu da ya burge ni ƙwarai: sun lissafa tasirin ɗaruruwan matakai tun da wuri, suka zuba a wata sauƙaƙƙiyar manhaja, shugabannin yankuna suka zauna suna zaɓa da kansu. Wanda ya ce ba ya son a ja jinga a garinsa, sai allo ya nuna masa santimita nawa aka rasa, a tambaye shi inda za a samo su. Gardama ta tashi daga "wa ya fi ƙarfi" ta koma kan awo.

Inda nake da damuwa shi ne abin da ake ɗura mata. Manhajar tana neman surar gindin kogi, da yawan ruwan da ke shigowa, da wata lamba da ake kira lambar Manning, wadda ke nuna kaushin hanyar ruwa. Lambatun siminti yana kusa da 0.013, kogi mai ɗan ciyawa 0.035, wuri mai duhuwar tsiro yakan kai 0.1. Injiniya ne ke zaɓar lambar, kuma ƙaramin sauyi a cikinta yana ɗaga ruwa ko sauke shi a taswira. Taswirar kuwa kullum kyakkyawa take fitowa, shuɗi da ja tsaf, ko an auna ko an yi kintace. Mai sa hannu a kwangila ba shi da hanyar bambancewa.

Ko Jamus ba ta tsira ba. A Yulin 2021 ambaliyar kwarin Ahr ta kashe mutane sama da 130. Taswirorin haɗari na yankin an gina su ne a kan awon gomman shekarun baya-bayan nan kawai, ba a sa manyan ambaliyoyin 1804 da 1910 a lissafi ba, ko da yake suna rubuce a tarihin garuruwan. Ruwan ya wuce abin da aka zana, har ma'aunin ruwa na garin Altenahr ya tafi da shi.

Wannan ne ya sa nake tunanin kogin Haɗejiya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi. Tsohuwar hanyar kogin ta cushe, ruwa ya karkata ta hanyar Marma zuwa wajen Nguru, gonaki suka nutse a wani gefe, wani gefen yana kukan ƙishi. Ana yashe kogin, ana ɗaga jinga, kuma dole a yi. Amma kowace hanya da aka buɗe tana sauya rabon ruwa tsakanin Jigawa da Yobe har zuwa Gashuwa, irin tambayar da aka ƙirƙiri manhajar don amsawa ke nan. Matsalar ita ce ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, bambancin taki ɗaya yana juya akalar ruwa, taswirar tauraron ɗan'adam ta kyauta kuwa kuskurenta yakan kai mitoci, ba ta kuma ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa. Kachalla tana sauya lambar Manning daga damina zuwa damina, yashi yana sauya gindin kogi.

Don haka a ganina, kuɗin da arhar manhaja ta rage bai kamata ya koma aljihu ba, bakin kogi ya kamata ya tafi. A shiga kwalekwale a auna zurfi bayan kowace damina. A tambayi masunta da manoman shinkafa inda ruwan ambaliyar 2022 ya tsaya a jikin bango, a sa alama, a gwada ko manhajar za ta iya maimaita wannan cikar kafin a yarda da abin da ta ce game da ta gaba. A kafa sandar awo a gindin kowace gada, a ɗauki mutumin garin da zai duba ta safe da yamma ya rubuta a littafi, a riƙa biyansa a kan kari.