Duniyar da Marubuci Ya Ƙera da Hannunsa

Yawancin marubuta labari suke fara samu, sannan su nema masa wurin zama. J.R.R. Tolkien, malamin harsuna a Jami'ar Oxford da ke Ingila, ta bayan gida ya ɓullo wa abin. Tun yana saurayi yake ƙirƙirar harsuna, da nahawunsu da baƙaƙensu: Quenya, mai amo irin na mutanen Finland, da Sindarin mai kama da harshen Wales. Da ya ga harshe ba ya rayuwa sai da bakin da zai furta shi, sai ya ƙera al'ummomi, ya zana musu taswira, ya tsara musu tarihin dubban shekaru. A kan wannan harsashi The Hobbit ya fito a 1937, The Lord of the Rings ya biyo baya a 1954 da 1955.

Irin wannan adabi shi Turawa ke kira high fantasy, sunan da ake jingina wa marubucin Amurka Lloyd Alexander tun 1971. Babban sharaɗinsa ɗaya ne: duniyar labarin dole ta zama wata dabam, da sarakunanta da kogunanta. Harry Potter cike yake da tsafi, amma daga Landan yake hawa jirgin ƙasa, don haka bai shiga sahu ba. Haka ma Gandoki na Bello Kagara, wanda ya taso daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa kafin ya faɗa cikin aljanu.

Wahalar tana wajen doka. Marubuci ne ke kafa ta, amma da ya karya ta mai karatu zai watse. Zoben da ke cikin The Lord of the Rings yana ɓatar da mai sanye da shi daga gani, yana kuma cin zuciyarsa sannu a hankali. Shi ya sa Frodo, wanda ya ɗauki zoben don halaka shi, bayan duk azabar tafiya, ya kasa jefa shi a wuta da ya isa bakin dutse mai aman wuta. Tolkien, mutumin da ya ga yaƙin Somme a 1916, ya rasa aminansa a can, ba zai yarda da nasara mai arha ba.

Fim ya ƙara faɗaɗa kasuwar. Peter Jackson ya ɗauki labarin The Lord of the Rings a New Zealand, ya sake shi kashi uku daga 2001 zuwa 2003, na ƙarshen ya kwashe kyautar Oscar 11.

George R.R. Martin, wanda littafinsa na 1996 ya haifi shirin talabijin na Game of Thrones, gwanin makircin sarauta ne, amma harshe ba fagensa ba ne. 'Yan kalmomi kawai ya sa a bakin Dothraki, mahayan dawakinsa. Da tashar HBO ta tashi yin shirin da ya fara fita a 2011, sai da ta ɗauko masani David Peterson ya gina musu harshen daga waɗannan 'yan kalmomi.