Me Ya Sa Ake Raina Gashinmu?

A wannan fitowar ta mujallar bango mun ɗauko maganar abin da kowa yake ɗauke da shi a kansa, wato gashi. Yawancinmu a makarantar nan gashinmu mai murɗiya ne. Yana nannaɗewa ƙanana-ƙanana, idan an tsefe shi sai ya yi cunkus ya tashi sama. Sau da yawa muna jin ana cewa wance tana da gashi mai kyau, kuma idan aka duba, mai santsi da tsawo ake nufi. Mai irin namu kuwa sai a ce kanta kamar soson ƙarfe, ko a ce gashinta ba ya jin mai. Akwai 'yan ajinmu da ba sa yarda su cire ɗankwali ko a gaban ƙawayensu saboda tsoron dariya. Wannan ne ya sa muka zauna muka bi diddigin maganar.

Me ya sa yake murɗewa?

Kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami a fatar kai. Idan ramin zagayayye ne kuma a miƙe, gashin yana fitowa a miƙe. Idan ramin ya ɗan baje kuma ya lanƙwasa, gashin yana fitowa a murɗe. Siffar ramin gado ce daga iyaye, kamar tsayi da launin fata. Ba rashin wanka ke kawo ta ba, kuma babu man da zai canja ta. Sinadarin da aka gina gashi da shi sunansa keratin, shi ne kuma a farcenmu. Na Bature da na Ba'indiye da na Bahaushe duk keratin ɗin nan ne.

Fatar kai tana fitar da wani maiƙo da ke sa gashi laushi. A miƙaƙƙen gashi maiƙon yana gangarawa har ƙarshe ba wahala. A namu kuwa sai ya bi kwana-kwana, don haka bakin gashin yakan bushe. Kowace kwana kuma wuri ne da silin zai iya karyewa idan aka ja shi da ƙarfi. Ashe gashin da muke cewa yana da tauri shi ne ya fi buƙatar lallaɓawa.

Wasu suna cewa gashinmu ba ya tsawo. Yana yi. Gashin mutum yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata. Abubuwa biyu ne ke ɓoye tsawon namu. Na farko, yana tsukewa idan ya bushe. Ku ja sili ɗaya a hankali ku gani, za ku sha mamakin inda zai kai. Na biyu, idan bakin yana karyewa daidai da yadda gindin ke fitowa, sai a ga kamar ya tsaya wuri ɗaya.

Yana kuma da amfani babba. A shekarar 2023 wasu masana a Amurka da Ingila sun yi gwaji da mutum-mutumi mai auna zafi. Sun sa masa gashi iri-iri, suka haska masa fitila mai zafi a madadin rana. Sun gano cewa gashi mai murɗiya sosai shi ya fi kare kai daga zafin, domin yana tashi sama ya bar iska tsakaninsa da fata. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a filin taro a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Daga ina rainin ya fito?

A zamanin cinikin bayi, waɗanda aka kama daga Afirka sau da yawa aske musu kai ake yi kafin a kai su nahiyar Amurka. A can ba su da matajinsu, ba su da mansu, ba su da lokacin kitso. Masu bautar da su suka riƙa kwatanta gashinsu da na tumaki. A shekarar 1786, a Luwiziyana, gwamna ya kafa doka cewa dole mata baƙar fata su rufe gashinsu da ƙyalle idan za su fita. Matan suka mayar da ɗaurin ya zama ado, suka riƙa zaɓo yadi masu kyau.

A Afirka ta Kudu, lokacin mulkin wariyar launin fata daga 1948 zuwa 1994, har gwajin fensir aka yi. Idan ana shakkar jinsin mutum, sai a soka masa fensir a gashi. Idan ya zame ya faɗi, ana iya lissafa shi cikin farar fata. Idan ya maƙale, ba a lissafa shi cikinsu. Wannan lissafi shi ke yanke unguwar da zai zauna, da makarantar da zai shiga, da wanda aka yarda ya aura. Ku duba yadda fensir, wanda muke rubutu da shi kullum, ya zama abin raba dangi.

Da haka mutane da yawa suka koyi cewa miƙaƙƙen gashi shi ke buɗe ƙofar aiki da mutunci. Aka shiga amfani da mataji mai zafi, daga baya kuma man saki gashi, wanda muke kira rilaksa. A shekarun 1960 matasa baƙar fata a Amurka suka juya wa wannan tunani baya, suka bar gashinsu ya tashi ya yi tuli. Shi ne salon da ake kira afuro.

A wajenmu ma akwai namu dalilan. A littattafan soyayya da yayyenmu ke karantawa, da wuya a kwatanta kyakkyawar budurwa ba a ce gashinta har gadon baya ba. Finafinan Indiya da muka tashi muna kallo su ma haka, ga kuma hoton da ke jikin kwalin mai a kasuwa. Idan yarinya ta girma ba ta taɓa jin an yabi irin gashinta ba, yaya za a yi ta so shi?

Ɗaliban da suka ƙi yarda

A watan Agusta na 2016, ɗalibai mata baƙar fata na wata tsohuwar makarantar sakandaren 'yan mata a birnin Piritoriya, Afirka ta Kudu, sun yi zanga-zanga. Sun ce wasu malamai suna matsa musu su miƙar da gashinsu, suna cewa afuro ba tsafta ba ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a gaba sunanta Zulaikha Patel, shekarunta 13 a lokacin, wato sa'armu ce. Hotonta ya zaga duniya. Kwamishinan ilimi na lardin ya je makarantar da kansa, ya saurari ɗaliban, aka dakatar da dokar gashin domin a sake duba ta.

A Gana, a shekarar 2021, makarantar Achimota ta ƙi karɓar ɗalibai biyu da suka ci jarrabawar shiga, saboda suna da dada kuma sun ƙi askewa bisa dalilin addininsu. Magana ta kai kotu, kuma a watan Mayu na shekarar babbar kotu a Akra ta ba da umarnin a karɓe su. A Amurka, jihar Kalifoniya ta kafa dokar CROWN a 2019, wadda ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta saboda irin gashinsa ko kitsonsa. Jihohi fiye da 20 sun bi sahunta. Tun 2017 kuma ana bikin Ranar Afuro ta Duniya a kowace 15 ga Satumba.

Gadon da muke da shi

Kakanninmu ba su ɗauki wannan gashi a matsayin matsala ba. Sana'a suka gina a kansa. Makitsiya tana zaune da kibiyarta da matajinta, ta tsaga kai layi-layi, ta fitar da zane ba tare da ta taɓa riƙe rula ba. Da akwai doka, wadda iyayen kakanninmu suka yi ado da ita, yau ga shuku da kalaba da sauransu. Yara maza a da wanzami yakan bar musu zanko ko tukku. Irin wannan kitso yana daɗewa ne saboda murɗiyar gashin tana riƙe shi. A gashi mai santsi ba ya jimawa yake warwarewa. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan a 1968, ya tara kusan 1,000. Yau ana baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Abin da muke yi a tsakar gida ranar Asabar, wasu kuɗi suke biya su kalli hotonsa.

Abin da ado ke jawowa idan ya wuce kima

Rilaksa da yawa suna ɗauke da sodiyam haidiroksaid, wato irin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Aikinta shi ne ta karya ƙullin da ke cikin silin gashi har ya miƙe. Gashin da aka miƙar ba ya komawa yadda yake, kuma ya fi saurin karyewa. Sabon da zai fito a gindi da murɗiyarsa zai fito, don haka sai an sake shafawa bayan 'yan makonni. Idan man ya daɗe a kai yana ƙona fata. Da yawa a cikinmu mun ga irin ƙurajen da ake kwana da su ana jajibirin Sallah. A watan Oktoba na 2022 wata cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin lafiyar mata fiye da 33,000. Ta gano cewa masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi waɗanda ba sa amfani da shi kamuwa da sankarar mahaifa. Masanan sun ce alaƙa suka gani kuma ana ci gaba da bincike, amma wannan ya isa ya sa a yi tunani kafin a shafa wa yarinya 'yar firamare.

Kitso ma yana da nasa haɗarin. Idan aka ja shi ya yi tsauri, ko aka ƙara gashin doki mai nauyi, ko aka bar shi ya daɗe, gashin gaban goshi yana cinyewa. Da farko yana iya dawowa idan aka sassauta. Idan aka shekara da shekaru ana ja, ramin gashin yana mutuwa, ba ya sake fitowa. Alamar ita ce ciwon kai bayan kitso, da ƙananan ƙuraje a gefen goshi, da kasa kwanciya a daren farko. Ba gaskiya ba ne cewa sai kitso ya yi zafi yake kyau.

Yadda za mu kula da shi

Kada a taje shi a bushe. A ɗan yayyafa ruwa, a shafa man kaɗanya ko man kwakwa, a raba shi kashi-kashi. A yi amfani da mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki a gangaro zuwa gindi. A wanke kai a kai a kai, da sabulu mara zafi ko da karkashi kamar yadda iyayenmu suke yi. A bari ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi, domin damshi yana kawo wari da ƙaiƙayi. Idan makitsiya ta ja da yawa, a ce mata cikin ladabi, "Inna, don Allah a ɗan sassauta gaban." Kada a yi aron mataji ko reza, saboda ƙwarƙwata da makero ta nan suke yaɗuwa. Wanda ya ga gashinsa yana zubewa wuri guda ya gaya wa iyayensa a je asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Roƙonmu

Ga 'yan uwanmu ɗalibai, mu daina sa wa juna suna saboda gashi. Mai santsi ba ta yi laifi ba, mai murɗiya ba ta yi laifi ba, wanda aka yi wa tal-kwabo shi ma haka. Babu wanda ya zaɓi ramin gashinsa. Kalmar da muke faɗa da wasa a lokacin tara, wata tana tafiya da ita gida, ta matsa wa mahaifiyarta a sayo mata rilaksa.

Ga malamanmu, muna goyon bayan dokar tsafta, domin kai mai datti yana cutar da mai shi da na kusa da shi. Muna roƙo ne a bambanta datti da halitta. Gashin da aka wanke aka taje ba ƙazanta ba ne don kawai ya tashi sama. Muna kuma roƙo a rubuta dokar gashi a liƙa a allon sanarwa, a gaya wa iyaye tun farkon zango. Yaron da sumarsa ta wuce ƙa'ida a ba shi kwana biyu ya je wurin mai aski, ya fi a sa masa almakashi a gaban taro.

Ga iyayenmu, mun san gashin nan yana cin lokaci, kuma safiyar Litinin ba ta jiran kowa. Amma idan kuna taje mana kai, ku riƙa gaya mana yana da kyau. Daga bakinku muke fara jin abin da za mu yarda da shi game da kanmu. Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Kyan muna da shi tun daga haihuwa, saura wankan da man kaɗanya.