Giwar Daji da Giwar Kurmi

Shekaru da dama masana dabbobi suna lissafa giwayen Afirka a matsayin jinsi guda, har sai da binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa giwar daji, wadda ake kira Loxodonta africana a kimiyyance, da giwar kurmi, wato Loxodonta cyclotis, sun rabu tun fiye da shekara miliyan 2 da suka wuce, ko da yake dukansu 'yan gida ɗaya ne a dangin Elephantidae, inda giwar Asiya ma take.

Giwar daji ita ce mafi girman dabbobin da ke tafiya a doron ƙasa, toronta kan kai tan 6, haurenta ya lanƙwashe gaba, tana kiwo a filayen ciyawa na gabashi da kudancin nahiyar, musamman Botswana. Ta kurmi kuwa ba ta kai ta girma ba, kunnuwanta sun fi zagaye, haurenta siriri ne miƙaƙƙe mai kallon ƙasa, abin da ke ba ta damar ratsa sarƙaƙiyar dazuzzukan Gabon da Kongo ba tare da ta maƙale ba. 'Ya'yan itatuwa ne babban abincinta, kuma ƙwayoyin da take zubarwa cikin kashinta nesa da gindin uwar bishiya su ne ke sake tsiro da kurmin.

Haɗa su wuri ɗaya a ƙidaya ya yi wa ta kurmi illa, domin yawan giwayen kudancin Afirka ya riƙa rufe ɓarnar da masu neman hauren giwa ke yi a tsakiyar nahiyar. Giwar daji ana ƙirga ta daga jirgin sama. Ta kurmi ganye ya lulluɓe ta, sai dai a bi sawu a ƙasa ana ƙirga tulin kashinta. Da ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta auna su dabam-dabam a watan Maris na 2021, sai ta sa giwar daji cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, bayan ta ragu da aƙalla kashi 60 cikin ɗari a shekara 50, ta kuma sa ta kurmi a matakin da ya fi wannan tsanani, saboda ta ragu da fiye da kashi 86 cikin ɗari a shekara 31 kacal.

Farfaɗowar ta kurmi za ta ɗauki lokaci ko da an daina harbinta, domin macen ba ta fara haihuwa sai ta haura shekara 20, kuma takan yi shekara 5 zuwa 6 tsakanin haihuwa da haihuwa.