In Tsohuwar Mota Ta Kama Karkarwa

Mafi yawan motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ba sababbi aka sayo su ba. Sun ci zamaninsu a Turai, sannan jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko a Lome, aka koro su zuwa nan. Toyota Starlet ta dā, wadda taksin Yamai ya yi suna da ita, tun shekarar 1999 aka daina ƙera ta. Ke nan autar cikinsu ta haura shekara 25. Mota mai waɗannan shekaru ba ta rasa ciwo, kuma ciwon da ya fi damun masu ita shi ne karkarwa. Wani direban yakan saba da ita har ya daina jin ta, sai ranar da taya ta fashe masa tsakanin Doso da Dogon Dutsi da mutane cike da mota. Wani kuma ya kai gareji, yau a canza wannan, gobe a canza wancan, aljihu ya bushe, karkarwar tana nan inda take.

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Makanikin da ya san aikinsa ba ya ɗaukar sifana kafin ya yi ma mai mota tambaya biyu: yaushe motar take karkarwa, kuma a ina ake jin ta? A tsaye ne ko a tafe? Sa'ad da aka taka birki ne, ko sa'ad da aka ba ta wuta? A sitiyari ake ji, ko a kujera, ko a ƙarƙashin ƙafa? Wanda ya zo da amsar waɗannan ya rage ma makaniki rabin aiki, ya kuma rage ma kansa kashe kuɗi a banza.

Akwai gwaji guda wanda ba ya cin ko dala. A sami hanya miƙaƙƙiya wadda babu jama'a, a kai motar gudun da take fara karkarwa, sannan a cire giya a bar ta ta ci gaba da tafiya da kanta, inji yana aiki a hankali. In karkarwar ta ci gaba kamar dā, laifin yana wajen abubuwan da ke juyawa tare da tafiyar mota, wato tayu da abin da ke haɗe da su. In ta ɗauke nan take, sai a duba inji da abin da ke kai ƙarfinsa ga tayu. Sai dai kada a kuskura a kashe inji cikin wannan gwaji, domin birki yakan yi tauri, sitiyari kuma yana iya kullewa. Bayan haka a tsai da motar, a ba inji wuta a tsaye har ƙararsa ta kai yadda take a kan hanya. In karkarwar ta dawo alhali mota ba ta motsa ba, tayu sun kuɓuta daga zargi.

Amma mafi yawan lokaci tayu ne masu laifi, don haka ya kamata a tsaya kansu. Tayar ƙaramar mota irin Corolla, kewayenta bai cika mita 2 ba. Idan motar tana gudun kilomita 100 a awa, kowace taya tana juyawa wajen sau 15 a daƙiƙa ɗaya. To, in wani gefe na tayar ya fi ɗan'uwansa nauyi da giram 30 kawai, a bakin ƙarfen taya, wannan ɗan nauyi yana fizgar ta da ƙarfin da ya kusa kilo 5, sama da ƙasa, sau 15 kowace daƙiƙa. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, fizgar sau huɗu take ninkawa. Shi ya sa motar da ke tafiya lafiya lau cikin gari, da ta hau babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta kai tsakanin kilomita 80 da 110, sai sitiyari ya kama rawa a hannu. Wani lokaci in an wuce wannan gudu sai ta lafa, direba ya ɗauka ta warke. Ba warkewa ba ce. Gudun da ya fi dacewa da rawar ƙafafun motar ne aka wuce, fizgar kuwa ƙaruwa ta yi.

Maganin wannan shi ne ekilibraji: a ɗora tayar a kan na'ura ta juya ta, ta nuna inda ya yi sauƙi, a maƙala ƴan ƙarafan nauyi a wurin. Mutane da yawa suna rikita shi da paralelisma, alhali aiki biyu ne daban. Paralelisma saita fuskantar tayu ce. In ta ɓaci mota takan riƙa jan gefe ɗaya, taya ta cinye ta baki guda, amma da wuya ita kaɗai ta sa sitiyari rawa. Wanda ya biya kuɗin wannan alhali wancan yake bukata, ya yi sadaka ne ga mai gareji.

Inda ake jin karkarwar yana nuna wace taya ce. Ta gaba a sitiyari take fitowa, ta baya kuwa a kujera da daɓen mota. Wanda yake shakka sai ya mai da tayun gaba baya, na baya gaba, ya sake gwadawa: in rawar ta bar hannu ta koma kujera, an kama ɓarawo. Kafin a kai ga nan ma, akwai abubuwa uku da ake dubawa cikin minti biyar, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su don sun cika sauƙi. Na farko kusoshin taya, ko an ɗaure su tamau, musamman in ba a daɗe da fitowa daga wurin mai faci ba. Na biyu iska. Na uku cikin ƙarfen taya, domin da damina laka da jar ƙasa sukan maƙale a ciki su bushe, su zama nauyi a gefe ɗaya. Bokiti ɗaya na ruwa ya isa magani. Shi kansa ƙarfen yakan lanƙwashe in an faɗa rami da gudu, kuma lanƙwasasshen ƙarfe ba ya jin ekilibraji.

Akwai wata karkarwar taya da ta fi duk waɗannan haɗari, kuma ita tun a ƙaramin gudu take bayyana, wajen kilomita 20 zuwa 40, mota tana tafiya tana rangaji kamar mai ɗingishi, sitiyari yana kaiwa dama da hagu a hankali. Wannan alama ce wayoyin ƙarfe da ke cikin tayar sun rabu da roba, tayar ta yi ƙulu ko ta murɗe. A ɗaga motar, a juya tayar da hannu, a zura mata ido daga gaba: za a ga shatinta yana kaucewa ko yana tasowa a wuri ɗaya. Irin wannan taya ba ta da gyara. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 guduro ya yi kamar tanda, ita ce ke fashewa ba sallama. Tsofaffin tayun da ake sayarwa da araha sukan zo da zane mai kyau a ido, amma robar ta bushe da shekaru, kuma araha ba ta ado. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta: bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗin mako da shekara. In an ga 2318, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018. Kamfanin Michelin yana ba da shawara a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai 5, a kuma sauke ta in ta kai 10, ko da zanenta bai ƙare ba.

Idan kuwa mota ba ta karkarwa sai an taka birki, faifan birki ake tuhuma. Ko ya karkace saboda zafi, ko kaurinsa ya daina zama ɗaya ko'ina, sai takalman birki su riƙa kama shi suna saki, direba ya ji bugun a ƙafarsa da sitiyari. Wani lokaci asalin cutar birkin ne ya maƙale ba ya sakin faifan. Za a gane haka in bayan ƴar tafiya aka kai hannu kusa da tayu, ba tare da an taɓa ba, aka ji ɗaya ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba. In an canza faifai ba a gyara wannan ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi. Motar da ke da ABS kuwa, in an danne birki da ƙarfi a kan yashi ko tsakuwa, bugun da ake ji a ƙafa aikin na'urar ne, ba cuta ba.

Karkarwar da ke zuwa mota tana tsaye, ta inji ce. Inji mai silinda huɗu, in ɗaya ya daina kama wuta, kashi ɗaya cikin huɗu na bugunsa ya ɓace, sai ya riƙa tangaɗi. A fara da buji da wayoyinsu, sannan matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, sannan a tambayi mai mota inda ya sha mai na ƙarshe. Man kwalba na bakin hanya ba kullum yake zuwa da tsabta ba. In inji yana aiki sumul amma jikin mota yana girgiza, robobin da injin ke zaune a kansu ne suka tsage ko suka kwanta, waɗanda masu gareji ke ce ma silambulok. Alamarsu ita ce ƙarar bugu sa'ad da aka sa giya ko aka tashi.

Saura wadda ke tasowa in an ba mota wuta, ta ɗauke da zarar an ɗaga ƙafa. A motocin da tayun gaba ke ja, kamar Corolla da Starlet, wannan ciwon kardan ne, gaɓar da ke kusa da akwatin giya. Robar da ke rufe ta takan yage, man giris ya zube, yashi ya shiga ya cinye ƙarfe. Roba abu ne mai araha, kardan kuwa ba haka ba, don haka leƙa ƙarƙashin mota sau ɗaya a wata ba ɓata lokaci ba ne. A motocin da tayun baya ke turawa, kamar Hilux, akwai dogon ƙarfe da ke juyawa a ƙarƙashi wajen sau huɗu fiye da taya. In gaɓoɓinsa suka saki, karkarwar takan zo ƙanana-ƙanana, da gurnani a ƙarƙashin daɓe.

Hanyoyin jar ƙasa da ke yin kunya-kunya kamar kwanon rufi suna kashe amortisa da rotil tun lokacinsu bai yi ba. Mataccen amortisa yana barin taya ta riƙa tsalle, ta cinye rami-rami, wanda za a ji in an shafa ta da tafin hannu. Rotil kuwa gwajinsa sai an ɗaga mota an tokare ta da abu mai ƙarfi, ba a dogara da jak kaɗai ba. A kama tayar dama da hagu a girgiza, sannan sama da ƙasa. In an ji ta tana wasa dama da hagu, gaɓoɓin sitiyari ne. In sama da ƙasa ne, rotil ɗin ƙasa ne ko rulma. Rotil in ya fita daga mazauninsa taya takan kwanta a ƙarƙashin mota, sitiyari ya daina aiki, don haka motar da aka samu da wannan wasa daga gareji ya kamata ta kwana, ba a kan hanyar Ƙwanni ba.