Zarton Tarakta Ba Ya Jin "Tsaya"

A 1946 aka fara ƙera ƙaramar taraktar Ferguson mai ruwan toka a Ingila. Akan ɗaura mata zarto mai kama da faifai a baya, bel yana juya shi. Manoman Ingila da Amurka sun daɗe suna yanka itacen wuta da irinsa.

In ƙungiyarmu ta sami tsohonsa, sai mu lura. Mu ƙwanƙwasa faifan tukuna: lafiyayye yakan yi ƙara garau, mai tsagewa kuwa ba ya amo, kada a mora shi. Kada mu matso da babbar riga, gama bel yakan fizge ta har da mai ita. Ko an kashe inji, faifan yakan ci gaba da juyawa. Mu jira ya tsaya cik kafin mu kai hannu, domin yatsan da ya yanke ba ya tsirowa.