"Borrow" Da "Lend": Wa Ke Bin Wani Bashi?

Wani mai sauraronmu daga Saulawa ta Ƙaramar Hukumar Ikara ya aiko mana da takarda. Ya ce ya ba wani dillalin tumatir rance, yaron da ya rubuta musu yarjejeniya da Turanci ya sa "I borrowed him fifty thousand naira". Shi ne yake tambaya, wai daidai ne?

To, Malam, ba daidai ba ne, kuma gara ka sa a sake ta tun ana shiri.

Mu Hausawa abin da aka karɓa muke dubawa. In maƙwabcinka ya ɗauki injin ban-ruwanka zai dawo da shi, aro ne. In kuɗi ne ko buhun masara da zai biya da waninsa, rance ke nan. Bature ba ruwansa da wannan. Shi hannu yake kallo, wa ya miƙa, wa ya karɓa. Wanda ya miƙa ya yi "lend", wanda ya karɓa ya yi "borrow", ko garma ce ko miliyan.

Inda ruɗanin ya samo asali kuwa, a Hausa kalma ɗaya ke zuwa ta dawo: na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Shi ya sa a kasuwar rake ta Makarfi ko tashar Kudan za ka ji ɗan boko ya ce "borrow me", kowa ya gane. A baka ba laifi. A takarda fa akwai.

Dubi taka. Kai ka ba da kuɗi, amma an liƙa maka kalmar mai karɓa. Ranar da rigima ta tashi, wani ya cusa 'yar kalmar nan "from" a tsakiya, ta koma "I borrowed from him", shi ke nan kai ake bi dubu 50.

Abin da za a rubuta shi ne "I lent him". In shi ke magana, "I borrowed from him". Haka in ka je Bankin Manoma, mai hedikwata a Kaduna, neman rancen taki, gurbin da aka rubuta "borrower" naka ne, "lender" na banki.

Tun da ku duka Hausa kuke ji, ku rubuta da Hausar mana, da boko ko ajami, a sa ranar biya, shaidu biyu su sa hannu.